Yadda za ku haɗa ajin koya wa matasanku riƙon kuɗi

Jama'a abin nan ya daɗe yana damuna wallahi, yaro zai gama sakandare har ya shiga jami'a ya iya lissafi mai wuyar gaske a takarda, amma ka danƙa masa kuɗin wata guda kafin kwana goma babu ko sisi, kuma ka tambaye shi ina suka tafi sai ya tsaya yana kallonka don shi ma bai sani ba. Kuma ni ban ga laifinsa sosai ba, wa ya taɓa zaunar da shi ya koya masa? A 2014 kamfanin Standard & Poor's ya sa aka yi wa mutum sama da dubu 150 tambayoyi a ƙasashe sama da 140, sai aka samu kashi 33 cikin 100 na manya ne kawai suka fahimci tushen harkar kuɗi. To in manyan ma haka suke, me za su koya wa na ƙasa. Shi yasa nake ganin aikin nan na al'umma ne, mutum biyu ko uku masu niyya sun isa su fara.

Abu na farko dan Allah kada ku fara da taron lacca. Kar a tara yara ɗari a zaure a kira babban baƙo ya yi awa biyu yana bayani a tafa a ɗau hoto a watse, bayan sati ɗaya ba wanda zai tuna komai. Riƙon kuɗi hali ne, sai an yi ta maimaitawa da kuɗi na gaske a hannu ko da 'yan kaɗan ne. Ku nemi matasa 15 zuwa 20 masu kusancin shekaru, ku tsayar da rana ɗaya a sati, awa ɗaya ta wadatar. Ku je ku sanar da iyayensu da bakinku tun kafin a fara, tunda magana ce ta kuɗi kuma 'ya'yan mutane ne, sannan in akwai 'yan mata a ciki lallai a samu mace babba cikin masu jagoranci.

Zaman farko ba a koyar da komai. Kowa a ba shi ƙaramin littafi da biro, a ce daga yau zuwa kwana bakwai duk abinda ya shigo hannunka rubuta, duk abinda ya fita rubuta, komai ƙanƙantarsa. Shikenan. Na taɓa zama da wata ƙanwata da littafinta bayan satin ya cika, kafin mu buɗe na ce mata me kike ganin ya fi cinye miki kuɗi, ta ce kuɗin mota mana yaya, ko tantama ba ta yi. Muka bi layi layi muna tarawa, ashe data ce, sau biyar ta saya a satin kuma duk ƙanana ƙanana shi yasa ba ta ji fitarsu ba. Ta yi shiru tana kallon shafin ta sake tarawa da kanta har sau biyu. Ban ce mata uffan ba, kuma ku ma in kun zo nan kada ku yi faɗa ko ku karanta littafin wani a gaban 'yan uwansa, yaro in ya ji kunya sau ɗaya sati mai zuwa ƙarya zai rubuto muku.

Daga nan sai maganar buƙata da sha'awa, kowa ya sa alama a gefen abinda ya saya. Za ku ji ana ambaton tsarin 50/30/20, wato rabi buƙata, kashi 30 sha'awa, kashi 20 ajiya. Ba laifi a gaya musu amma ga wanda abin hannunsa bai taka kara ya karya ba wannan rabon ba zai zauna ba, ni abinda nake nacewa a kai shi ne a cire ajiya ranar da kuɗin ya shigo kafin a taɓa sauran, ko kashi 5 ne, don wanda yace sai abinda ya rage zai ajiye to ba abinda zai rage.

Yanzu ga inda aikin yake, akwatin ajiya na ƙungiya. Wannan dabarar ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara ta a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, kuma yau ta bazu ƙasashe da dama. Akwati ne mai kwado uku, makullan suna hannun mutum uku daban daban, shi kuma akwatin yana wajen na huɗu wanda ba shi da makulli ko ɗaya, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Yaran su zaɓi shugabansu da mai rubutu da masu ƙirga da kansu, su yanke mafi ƙarancin abinda za a riƙa zubawa duk sati daidai ƙarfin wanda ya fi kowa rashi a cikinsu. Duk wanda ya zuba, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a rubuta a littafinsa da littafin ƙungiya, kafin a rufe a faɗi jimilla, sati mai zuwa kafin a buɗe a tambayi waye ya tuna nawa muka bari. Kai babba kar ka riƙe makulli kar ka riƙe akwati, kar ma kuɗin ya kwana a hannunka, wannan kariya ce gare ka da mutuncinka kuma su ma ta nan suke koyon amana. Ƙungiyoyin manya sukan yi wata 9 zuwa 12 kafin su raba har suna ba juna rance a tsakani, amma ga matasa shawarata zagayen farko wata 3 ko 4 ya isa kuma banda rance tukuna, su fara ganin kuɗinsu ya dawo cif.

Bayan an saba da wannan sai a shigo da ɗan karatu. Wasu masana tattalin arziki biyu, Annamaria Lusardi da Olivia Mitchell, sun tsara tambayoyi uku a 2004 da har yau ake gwada mutane da su, ɗaya kan kuɗin ruwa, ɗaya kan hauhawar farashi, ɗaya kan kada ka zuba dukiyarka duka wuri guda. Ukun nan sun ishe ku manhaja. Na san akwai wanda addininsa ya hana shi ci ko bada ruwa, to shi ma ya kamata ya san yadda lissafin yake don kar a ɗaure shi da shi bai sani ba. Ku koya musu dabarar 72, ka raba 72 da adadin ruwan sai ka ga tsawon lokacin da bashi zai ninka. Bashin da ake ɗora wa kashi 10 duk wata, in ba a biya ba ruwan yana hawa kan ruwa, wata bakwai da 'yan kwanaki ya zama biyu. Ku sa su lissafa da kansu a allo, 100 ya koma 110, ya koma 121, ya koma 133, za ku ga idonsu ya buɗe, musamman yanzu da rancen waya yake zuwa da dannawa biyu. Haka hauhawar farashi, in tana kashi 12 a shekara to cikin shekara shida abinda kuɗinka zai saya ya ragu da rabi, kenan akwati na buri ne na kusa, ajiyar dogon zango sai a juya ta zuwa wani abu mai amfani.

Kada ku tsallake 'yan damfara. A 1920 wani Charles Ponzi a birnin Boston na Amurka ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, alhali kuɗin sababbin shiga yake ɗauka yana biyan na farko, har yau sunansa ake kiran wannan cutar da shi. Ku yi shi kamar wasa da 'yan takardu a madadin kuɗi, ɗaya ya zama mai kamfani yana biyan na farko da kuɗin na baya har masu shiga su ƙare, sai kowa ya duba hannunsa. Tambaya ɗaya nake so ta zauna musu, ribar nan daga ina take fitowa? In ba a iya amsawa a jimla biyu ba, a kama gaba. A nan ne kuma za ku yi maganar lambar sirri da lambar da banki ke turowa ta waya, ba a ba kowa ko da yace daga bankin yake, da cacar ƙwallo wadda gaskiya tana cinye samari da yawa a ɓoye.

Masu 'yar sana'a a cikinsu kuwa kar ku wahalar da su da akawu mai zurfi. An yi wani bincike a Jamhuriyar Dominika kan ƙananan 'yan kasuwa, aka ga ƙa'idoji masu sauƙi sun fi darasin akawu cikakke gyara musu aiki, babbar ƙa'idar ita ce kuɗin sana'a aljihu daban na kashewa aljihu daban, ka yanka wa kanka albashi daga sana'ar ka tsaya a kansa.

In kuna neman kayan koyarwa akwai ƙungiyar Aflatoun da ta daɗe tana wannan aikin da yara, sannan duk watan Maris ana yin makon kuɗi na duniya wanda aka fara tun 2012, za ku iya saita ranar rabonku ta faɗo cikinsa. Ranar ku gayyato iyaye, a buɗe kwado ukun a gabansu, a kira suna ɗaya bayan ɗaya kowa ya ƙirga nasa ya gwada da littafinsa, sannan kafin a tashi a tambaye su wa zai shiga zagaye na biyu, kuma a sake zaɓen masu riƙe makulli.