In Kun Tsinci Ƙaramar Bindiga a Akwatin Marigayi: Yadda Za Ku Gane Ta da Inda Za Ku Kai Ta

Bara, kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin wani maƙwabcina a Unguwar Rogo, babban ɗansa ya yi mini sallama da sassafe, murya na rawa. "Baba Saje, Hajiya ta ce don Allah ka zo, mun ga wani abu a akwatin Baba." Na tarar da akwatin ƙarfe irin na tsofaffin sojoji a buɗe a tsakar ɗaki. Ƙarƙashin kakin marigayin da lambobinsa na ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ga ƙaramar bindiga naɗe cikin tsohon tawul da ya sha mai har ya yi baƙi. Autan gidan ya riga ya ɗauka, yana jujjuya ta, bakinta na kallon ƙafar mahaifiyarsa.

Na yi shekaru ina kula da ma'ajiyar makamai kafin in ajiye kaki, kuma wannan ba shi ne karo na farko da aka kira ni irin wannan kira a garin Jos ba. Shi ya sa nake son in rubuta abin da nake gaya wa iyalai.

Abu na farko, ku ɗauka akwai harsashi a ciki, ko da ta shekara talatin a kwance. Kada yatsa ya kusanci kunamar. A ajiye ta a hankali, bakinta na fuskantar bangon da babu kowa a bayansa, a fitar da yara, a kulle ɗakin. Wani kuskure da ke kashe mutane shi ne a zare gidan harsashi a ce ai yanzu fanko ce. Ɗaya yana iya zama a cikin bututu yana jira. In ba aikinka ba ne, kada ka ja komai, kada ka danna komai, kada ka ce bari ka goge tsatsa. Duk ganewar da zan koya muku da ido ake yin ta, sai fitilar waya.

Ta gidan maƙwabcina Makarov ce, kuma ita na fi son ku sani. Gajeriya ce, ƙaƙƙarfa, tsawonta wajen santimita 16, nauyinta kamar giram 730. Tarayyar Sobiyet ta fara raba wa sojojinta ita a 1951, tana cin harsashi 8. Dubi mariƙinta: in ka ga roba mai tauri, ja-ja mai duhu kamar goro, da tauraro a tsakiya, ka kama hanya. Maɓallin sakin gidan harsashi yana can ƙasan mariƙi, a dunduniya. A gefen hagu, kusa da lambarta, akwai ɗan tambari da ke faɗin garinsu. Kibiya a cikin alwatika, ta masana'antar Izhevsk ce ta Rasha. Lamba 10 a cikin da'ira biyu, ta Bulgeriya ce. Ta Jamus ta Gabas mariƙinta baƙi ne babu tauraro, ta Sin kuma ana ce mata Type 59.

Mutane da yawa suna rikita ta da Walther PPK ta Jamus, don kamar wa da ƙane suke a ido. PPK ta girme ta, tun 1931 take, amma ta fi ta sirantaka da ƙanƙanta. Sunan Walther yana rubuce a jikinta cikin wata 'yar tuta mai lanƙwasa, yawancinsu kuma za ka ga an rubuta 7.65, wato girman harsashinta ke nan. In ka ga sunan Manurhin, a Faransa aka ƙera ta bayan yaƙin duniya na biyu. Akwai kuma 'yan uwan Makarov da ke cin harsashinta: P-64 ta Poland mai ɗaukar harsashi 6, PA-63 ta Hungari mai jikin alminiyam mara nauyi, da CZ 82 ta Cekoslobakiya mai 12. Ba kasafai ake ganinsu a nan ba.

Wadda nake tsoro ita ce Tokarev, TT-33. Doguwa ce, siririya, mariƙi baƙi mai zane a tsaye da tauraro, ta Sobiyet har da haruffan CCCP kewaye da tauraron. Ta Sin sunanta Type 54. Harsashinta ma kaɗai ya isa shaida, yana da wuya kamar kwalba, 7.62 ne. Asalin ƙirarta ba ta da makullin kariya irin na sauran, sai dai a tsayar da 'yar gudumar baya a rabin hanya. Tsohuwar Tokarev da ta ci tsatsa, in da harsashi a bututu, faɗuwa ƙasa kawai na iya tashin ta. In ita kuka gani, ko matsar da ita kada ku yi.

Sai Browning Hi-Power, wadda mu da muka yi soja muka fi sabawa da ita. Ƙirar Beljiyam ce ta 1935, za ka ga Fabrique Nationale da Herstal a rubuce a gefen hagu. Mariƙinta ya cika hannu don tana ɗaukar 13, kuma ta kusa kilo guda. In ba ka ga rubutu ko lamba ko ɗaya ba, sai tabon walda da ƙarfe mara santsi, ƙirar gida ce, ita kuwa ko mai ita ba ta ƙyale ba.

Ku leƙa gindin harsasan da ke cikin akwatin ma. Na Makarov 9x18 ne, na Browning 9x19, wato kaurin harsashi da tsawon kwansonsa a milimita. Duk "tara" ake kiransu a baki, amma ba ɗaya ba ne, na Makarov ya ɗan fi kauri kuma ya fi gajarta. A bar su inda suke, nesa da wuta.

Da na gama duba bindigar maƙwabcin nawa, babban ɗansa ya ja ni gefe ya rage murya. "Baba, kai ma ka san rikicin da muka gani a garin nan a 2001 da 2008 da 2010. Ba gara mu ajiye abarmu ba?" Ban ga laifinsa ba, ni ma a garin nake lokacin, na kuma yi jana'izar mutanen da na sani. Na san kuma yana kallon bidiyon Amurkawa a YouTube suna gwada waɗannan tsofaffin bindigogi, suna zaɓen wadda ta fi dacewa da ƙugu. Dokar jihohinsu ce ta ba su wannan dama. Tamu, Dokar Makamai ta 1959 da ke aiki har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar gargajiya irin ta maharba, kwamishinan 'yan sanda ke ba da izininta. Ta farauta ƙirar masana'anta, irin mai baki biyu, da makamantanta, sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Fistol kuwa, wato ƙaramar bindigar hannu, kowace iri, tana cikin haramtattu tare da mashinga, lasisinta sai daga shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini, ɗaurin da doka ta yanka ba ya gaza shekara 10. Lasisi ba ya shiga rabon gado, bindigar aiki kuma dukiyar gwamnati ce tun asali. Na ce masa, "Ɗana, kai ne uban gidan nan yanzu. In aka tafi da kai, wa zai riƙe Hajiya da ƙannenka?"

Wajen miƙa ta ma akwai tsari. Kada ka sa ta a aljihu ko a but ɗin mota ka nufi ofishin 'yan sanda, domin in aka tare ka a shingen bincike a hanyar Bauci, babu mai sauraron cewa kai ta za ka yi. Ɗauki hotonta a inda take, ka rubuta lambarta da yawan harsasan da ido ya gani. Ka samu mai unguwa ya raka ka, da lauya in da hali, ku je wurin DPO hannu wofi da takardar shaidar rasuwa da takardun aikin marigayi, ku ba da rahoto a rubuce. Su za su zo su ɗauka. In marigayin soja ne, ana iya sanar da 'yan sandan soja a barikin Rukuba. Akwai kuma cibiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021 don tattara ƙananan makamai. Ko wa ya karɓa, kada ku bari ya fita sai ya ba ku takarda mai ɗauke da irin bindigar, lambarta, adadin harsasai, kwanan wata, da sunansa da sa hannunsa.

Haka muka yi ranar. Jami'in da ya zo bayan azahar ya zare gidan harsashin, ya ja murfin sama baya, sai ga ɗaya ya faɗo kan tabarma, ya yi kore don tsufa. Hajiya ta dubi autanta, ta dubi ƙafarta, ta ce, "Innalillahi." Takardar da suka ba ta, ta ninke ta ta sa a cikin akwatin, ƙarƙashin lambobin mijinta.