Shirin Komawa Gida Bayan Hutu a Sakkwato

A gama sallama da dangi tun jajibiri. In aka bari sai da safe, "ku tsaya ku karya" kaɗai zai kai ku hantsi, ga ranar Sakkwato ba ta da wasa.

Da yammacin nan a kai mota wurin bakanike ya duba man inji, ruwan lagireto, birki, safaya da jak, a cika tanki a cikin gari. Iskar taya da sanyin safiya ake aunawa. Taya mai zafi takan nuna iska ta yi yawa, in aka rage sai ta yi laushi, ta ƙara zafi, ta fashe a hanya.

Tsaraba ce mai ɓata kaya. Kilishi a naɗe shi a takarda, don a leda gumi yake yi. Man shanu a galan mai murfi, a tsaye, tunda sai ya narke. Albasa nesa da tufafi.

Masu bin Talatar Mafara zuwa Gusau su tashi da gari ya waye, kada dare ya riske su. Ruwan yara da maganinsu a ajiye gaba, ba cikin but ba.