Yadda ake rubuta harafin Қ a waya da kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shan wahalar neman ƙ mai lanƙwasa a waya zai gane halin da mutanen Kazakistan suke ciki. Su ma haruffan aro suke amfani da su, na Rasha, waɗanda ake kira Sirilik, tun shekarar 1940. Da suka ga babu harafin da zai ɗauki wani sautinsu, sai suka ɗauko К suka yi masa ɗan wutsiya a ƙafar dama, ya zama Қ. Sautin daga can maƙogwaro yake fita, kamar ƙaf ɗin Larabci, ba irin ƙ ɗinmu mai ƙarfi ba. Sau biyu ya fito a sunan ƙasar: Қазақстан. Tajikawa suna amfani da shi, haka ma Uzbekawa idan suna rubutun Sirilik.

Da farko, ka tabbatar shi ne. Yana da ɗan'uwa mai ruɗa ido, Ҡ, na harshen Bashkir. Wannan a sama ta hagu ƙarinsa yake. Na Қ kuwa wutsiya ce a ƙasa.

A waya, shiga saitin Gboard, wato allon rubutun waya na Google, ka je wurin harsuna, ka ƙara harshen Kazak. Allon rubutun Rashanci ba lallai ya biya maka buƙata ba, domin Rashanci ba shi da wannan harafi.

A kwamfuta mai Windows, ƙara allon rubutun Kazak daga saitin harshe, sannan ka danna maɓallin Windows tare da doguwar sandar tazara ka koma kansa. Nan ne mutane suke ɓata lokaci suna lalube a cikin haruffa, alhali Қ yana layin lambobi, a kan maɓallin 0. Harshen yana da haruffa 42, wuri ya yi kaɗan, shi ya sa aka kori lambobin aka ba sababbin haruffa mazauninsu. In kana son babban harafi, haɗa da Shift.

Idan sau ɗaya kawai kake buƙatarsa, kada ka wahalar da kanka. A Word, rubuta 049A ka danna Alt da X, babban zai fito. 049B kuma na ƙaramin ne.

In ka ga ɗan akwati maimakon harafi, salon rubutun da ka zaɓa ne bai san shi ba. Koma Arial ko Times New Roman.

Ka sani kuma, tun 2017 gwamnatin Kazakistan ta ɗauki aniyar komawa haruffan boko, inda Q zai maye gurbinsa. Idan ka ga an rubuta Qazaqstan, ƙasar ce dai.