Yadda Ake Tsara Nisan Atisaye Domin Kai Ƙungiyar Sakandare Gasar Tseren Ratsa Daji ta Ƙasa a Amurka

A makarantun sakandare na Amurka ana yin kakar tseren ratsa daji daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, kuma mafi yawan tseren na kilomita 5 ne, a kan ciyawa da turɓaya da hawa da gangare. Ƙungiyar da ta gawurta a jiharta takan fara hangen gasar Nike Cross Nationals, wadda aka soma a 2004 da sunan Nike Team Nationals, ake kuma yin ta a farkon Disamba a birnin Portland na jihar Oregon, tun daga 2014 a filin golf na Glendoveer. Tambayar da koci da iyaye suka fi yi ita ce mil nawa ya kamata yaro ya gudu a mako kafin ƙungiyarsa ta samu gurbi a can. Wanda yake son amsa mai amfani sai ya fara da fahimtar yadda ake lissafin maki, domin daga nan ne zai gane ɗan tseren da atisayen ya fi shafa.

Kowace ƙungiya tana shiga da mutum bakwai. Ana haɗa matsayin da biyar na farko suka zo, kuma ƙungiyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara, shi ya sa maki 15 ne mafi kyawun abin da za a iya samu. Na shida da na bakwai ba a lissafa matsayinsu, amma duk ɗan wata ƙungiya da suka riga isa sun ƙara wa ƙungiyarsa maki ɗaya, sannan idan aka yi kunnen doki na shida ne yake raba gardama. A ɗauki misali: ƙungiyar da 'yan tserenta suka zo na 1 da na 3 da na 8 da na 30 da na 95 tana da maki 137, ita kuwa wadda nata suka zo na 12 da na 18 da na 24 da na 29 da na 37 tana da 120, ta kuma doke ta farko ba tare da ko mutum ɗaya a cikin goman farko ba. A gaban tsere mutane a warwatse suke, daƙiƙa goma ba ta wuce matsayi ɗaya ko biyu. A tsakiya kuwa cunkoso ake yi, mutum biyu ko uku suna tsallake layi a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka daƙiƙa goma da na biyar ya rage tana iya kwashe wa ƙungiya maki masu yawa. Don haka koci ya tsara nisan atisaye yana kallon na huɗu zuwa na bakwai, ko da yake idon 'yan kallo a kan gwanin da ke gaba yake.

Mataki na biyu shi ne sanin ƙofar da ake bi. Ƙungiyoyi 22 na maza da 22 na mata ne suke zuwa Portland. An raba ƙasar shiyya tara, takwas daga ciki suna yin tseren share fage a watan Nuwamba, ita kuma Kalifoniya ana ɗaukar nata daga sakamakon gasar jiha da ake yi a Woodward Park na Fresno. Biyun farko a kowace shiyya sun wuce kai tsaye, gurabe 18 ke nan, sai gurabe huɗu da kwamiti yake bayarwa bayan ya duba yadda ƙungiyoyi suka yi a kakar. Akwai kuma gurabe biyar a kowace shiyya ga ɗaiɗaikun 'yan tsere da ƙungiyarsu ba ta wuce ba. Saboda dokokin hukumomin wasanni na jihohi, ƙungiyoyin suna shiga a matsayin kulob, galibi da sunan gari, ba da sunan makaranta ko rigarta ba, kuma wajibi ne koci ya karanta dokar jiharsa tun da wuri ya san abin da aka halatta masa bayan an rufe kakar makaranta. Ya kuma tabbatar an yi wa yaransa rajista a tseren zakaru, domin akan yi tsere da dama a rana ɗaya kuma wannan ne kaɗai yake bayar da gurbi.

Shiyyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta Kudu maso Yamma ta haɗa Utah da Kolorado, inda yara suke tashi suna gudu a tuddai masu ƙarancin iska, kuma ƙungiya tana iya zuwa ta uku ko ta huɗu a can alhali da ta wuce a wata shiyyar. Filayen da ake tseren shiyyoyin ma sun bambanta: Bowdoin Park a jihar New York hawa ne mai tsawo sannan gangare, na LaVern Gibson a Terre Haute faffaɗa ne mai ciyawa da iska, a Sioux Falls kuma sanyin Nuwamba yana iya zama babban abokin hamayya. Saboda wannan bambanci, kwatanta lokacin da aka yi a fili biyu daban-daban yana yaudara. Abin da ya fi amfani shi ne ma'aunin sauri irin wanda Bill Meylan yake fitarwa a shafinsa na TullyRunners, inda ake daidaita wahalar kowane fili kuma maki ɗaya yake daidai da daƙiƙa uku. Koci ya nemo ma'aunin 'yan tsere biyar na ƙungiyoyin da suka wuce daga shiyyarsa a shekaru uku da suka gabata, ya jera nasa kusa da su, mutum da mutum. Idan giɓin na biyar ɗinsa daƙiƙa 20 ne ko 30, hutun bazara ɗaya na aiki mai tsari yana iya rufe shi. Idan ya kai minti ɗaya da rabi, to shiri ne na shekara biyu ko uku, kuma gara a faɗa wa yara haka a fili da a ɗora musu nauyin da zai karya su.

Daga nan sai a zo kan nisan kansa. A Amurka da mil ake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne ɗan shekarar farko, wanda yake kusan shekara 14, ya tsaya tsakanin mil 15 zuwa 25 a mako, a shekara ta biyu ya kai 30 zuwa 40, a ta uku 40 zuwa 50, a ta ƙarshe kuma 50 zuwa 60, ko ɗan sama da haka ga wanda jikinsa ya nuna yana ɗauka. 'Yan mata da yawa sukan yi ƙasa da wannan kaɗan kuma su kai inda ake so. Abin lura a nan shi ne ƙarin bai wuce kimanin mil goma zuwa goma sha biyar a mako ba daga shekara zuwa shekara, kuma shekarun da yaro ya yi yana gudu ake dubawa, ba ajin da yake ciki ba. Ɗan ajin ƙarshe da ya baro ƙwallon ƙafa ya shigo bana zuciyarsa da huhunsa suna iya ɗaukar mil 50, amma ƙashin ƙwaurinsa da jijiyoyinsa ba su saba ba, su kuma a hankali suke ƙarfi.

Za a samu masu kawo hujja da makarantar York ta Elmhurst a jihar Illinois, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko ta maza a 2004 a ƙarƙashin Joe Newton, kocin da ya ci kofin jiha sau 28, aka kuma san yaransa da burin cika mil 1,000 a hutun bazara, wato kusan mil 80 a mako. Gaskiya ne sun yi. Sai dai York tana da ɗimbin yara a kowace shekara da al'adar da aka gina tsawon gomman shekaru, ta yadda idan mutum uku suka ji rauni akwai masu maye gurbinsu. Kocin da yake da yara goma sha biyu, bakwai kaɗai daga cikinsu suke iya tsere a wannan mataki, ba shi da wannan damar, kuma raunin mutum ɗaya a Oktoba ya isa ya rushe masa kakar gaba ɗaya. Haka nan 'yan matan Fayetteville-Manlius na jihar New York, waɗanda suka ci gasar sau bakwai a jere daga 2006 zuwa 2012 tare da kocinsu Bill Aris, abin da ya kamata a koya daga gare su shi ne yadda kowace shekara suke fitar da sababbin na huɗu da na biyar bayan manya sun kammala.

Lissafin kalanda ana yin sa ne daga baya zuwa gaba. Daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Nuwamba kusan mako 24 ne. Bayan kakar tseren fili, wato wanda ake yi a kan da'irar filin wasa, ta ƙare a bar yara su huta mako ɗaya ko biyu, sannan a fara da kimanin rabin adadin da ake son kaiwa, ana ƙara abin da bai wuce kashi goma cikin ɗari ba a mako, kuma bayan kowane mako uku na ƙari a sassauta a na huɗu. Yuni da Yuli da farkon Agusta lokaci ne na gudu mai sauƙi wanda mutum zai iya hira a cikinsa, tare da gajerun gudu masu sauri na mita 100 sau huɗu zuwa shida bayan an gama, da hawan tudu sau ɗaya a mako. Wannan shi ne tushen da koci Arthur Lydiard na New Zealand ya yi suna da shi, ko da yake mil 100 da manyan 'yan tserensa suke yi ba na yaran sakandare ba ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma kocin da ya ga na biyar da na shidansa suna fashin atisaye a Yuli ya riga ya san abin da zai gani a Nuwamba. Tunda jihohi da yawa sun taƙaita hulɗar koci da ɗalibai a hutu, manyan ɗalibai ne suke jagorantar haɗuwar safe, kuma ya dace kowane yaro ya riƙa rubuta nisan da ya yi da yadda jikinsa ya ji.

Idan kaka ta shigo, makon mil 50 yana iya kasancewa kamar haka: Litinin mil 7 a sauƙaƙe, Talata mil 8 wanda a cikinsa akwai maimaicin mita 1,000 sau biyar a saurin tsere, Laraba mil 6, Alhamis mil 8 da ya ƙunshi minti 20 na gudu mai ɗan tsanani wanda bai kai na tsere ba, Juma'a mil 5, Asabar dogon gudu na mil 11, Lahadi kuma sassarfar mil 5 ko hutu ga wanda ya gaji. A makon da akwai tsere, tseren ne yake maye gurbin ɗaya daga cikin ranakun wahala biyu. Kusan kashi huɗu cikin biyar na nisan ya kasance mai sauƙi da gaske. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa kowa a rukuni ɗaya a ranar sauƙi, gwanin yana tafiya cikin nishaɗi, na shida kuma yana haki a bayansa, ta yadda ranar da aka ware masa don farfaɗowa ta zame masa tsere. A raba su rukuni-rukuni a irin waɗannan ranaku, a haɗa su a ranar maimaici, inda ake so na uku zuwa na bakwai su saba tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Nisa ba ya amfani idan abinci da barci ba su biyo shi ba, kuma wannan ɓangaren iyaye ne suka fi iko a kansa. Matashi yana buƙatar barcin sa'a takwas zuwa goma. Yaron da yake ƙona fiye da abin da yake ci zai fara da gajiya da yawan mura, ya ƙare da tsagewar ƙashi, matsalar da Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kanta a 2014. Ga 'yan mata, ɗaukewar jinin al'ada alama ce da take buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba, kuma bai halatta koci ya yi wa yarinya maganar rage ƙiba don ta ƙara sauri ba. Wanda saurinsa ya ragu ba dalili a duba masa jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan dogon gudu. Ciwon da yake wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za a iya nuna shi da yatsa kuma yake ƙaruwa idan ana gudu, a dakatar da mai shi nan take, ya koma keke ko ninƙaya har a duba shi. Takalmi kuma a canza shi bayan mil 300 zuwa 500.

Ƙungiyar da take ganin za ta iya zuwa ta uku a shiyya mai ƙarfi tana buƙatar shaidar da kwamiti zai duba, saboda haka ta nemi karawa da manyan ƙungiyoyin wasu shiyyoyi a Satumba da Oktoba, a irin gasar Woodbridge da ta Mt. SAC a Kalifoniya, ko ta Manhattan a Van Cortlandt Park, ko ta Roy Griak a Minnesota. Biyu daga cikin irin waɗannan sun isa, sauran ƙananan tsere kuma a bar wa ƙanana su samu gogewa.

Abu mafi wuya shi ne makonnin ƙarshe, domin gasar jiha da ta shiyya da ta ƙasa suna zuwa a cikin kimanin wata ɗaya ko mako biyar, kuma jiki ba ya riƙe ƙololuwar ƙarfinsa tsawon haka idan aka rage atisaye tun daga ta farko. Ƙungiyar da ta fi ƙarfin jiharta nesa ba kusa ba tana iya shiga gasar jiha ba tare da ta rage nisa sosai ba, ta ajiye sassauci sai kwana goma zuwa sha huɗu kafin tseren shiyya, inda za ta rage kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nisan amma ta bar saurin yadda yake. Wadda damarta ta zuwa Portland siririya ce, a ganina, kada ta sadaukar da kofin jiha saboda ita, domin shi ne abin da makarantar da garin za su daɗe suna tunawa. Idan an wuce, ko ana jiran sanarwar gurabe huɗun nan, a ci gaba da atisaye, a mayar da dogon gudu ɗaya a makon farko, a kuma nemi jiƙaƙƙen fili a gwada takalmin tsere da ƙusoshi masu ɗan tsawo, domin Portland a watan Disamba gari ne na ruwan sama kuma filin Glendoveer yakan yi laka.