Darasi na 9: Fitilar Babur Mai Ƙiftawa, Gaba da Baya

Idan mota ta buge babur a mahaɗa, maganar direba kusan ɗaya ce ko'ina: "Wallahi ban gan shi ba." Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. Babur siriri ne, fitilarsa ɗaya tak, ido ba ya auna nisansa da gudunsa yadda yake auna na lori. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 1981 ya duba haɗarin babur 900, ya gano cewa a duk karo uku tsakanin babur da mota, biyu direban motar ne ya shiga gaban mai babur. To ina ga Gadarif ta ƙasar Sudan lokacin kaka, ga lori cike da dawa da riɗi, ga tarakta, ga rakasha mai taya uku, ga ƙura?

Fitilar gaba

Abu na farko ba ya cin ko fam ɗaya: ka bar fitilar gaba a kunne da rana. Maleshiya ta wajabta haka a 1992. A Indiya kuwa, tun Afrilu 2017 sababbin babura suna fitowa da fitilar da ba ta mutuwa muddin inji yana aiki. Masu ɗaga maka hannu suna cewa ka manta wuta, ka gode musu ka wuce.

Akwai kuma 'yar na'ura, ba ta fi kwalin ashana ba, da ake haɗawa da fitilar gaba don haske ya riƙa hawa da sauka. Ba kashe wutar take yi ba, rage ta take yi ta mayar. Ƙa'idar Amurka ta ce ƙiftawar ta zama wajen sau 240 a minti, wato huɗu a daƙiƙa, kuma hasken kada ya sauka ƙasa da kashi 17 cikin ɗari na ƙarfinsa. Dole ta zo da ɗan ido mai gane hasken rana, wanda zai tsayar da ƙiftawar da zarar magariba ta kawo jiki. Wadda ba ta da wannan idon, kada ka saya. Da dare tana kashe wa mai tahowa ido, kai ma ramin hanya zai riƙa ɓace maka.

Kafin ka fitar da kuɗi, gwada babur ɗinka. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji, ka kunna fitila. Idan ta kama, daga batir take shan wuta, na'urar za ta zauna. Idan sai inji ya tashi take kamawa, kuma haske yana ƙaruwa in ka ba da wuta, galibi daga kwayil take sha kai tsaye. Ƙananan babura da yawa haka suke, kuma yawancin waɗannan na'urori ba sa aiki da irin wannan wutar. Sai mai wayarin ya mayar da layin kan batir tare da fiyus, amma a sani kwan fitila mai wat 35 yana iya shanye ƙaramin batir in caji ba shi da ƙarfi. Batir lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 a tsaye, 13.5 zuwa 14.5 in inji yana gudu.

A ganinmu nan ne haɗarin yake: direba yana iya ɗaukar ƙiftawa a matsayin "bismilla, wuce." Sai ya shigo. Saboda haka ko wutarka tana rawa, rage gudu a mahaɗa, yatsu biyu a kan birki, idonka a kan tayar gaban motar, ba fuskar direba ba. Wuta ja da shuɗiya kuma ta 'yan sanda ce da motar asibiti. Ka tambayi ofishin murur, wato 'yan sandan kula da hanya, na garinku kafin ka ƙara wa babur kowace fitila.

Fitilar birki

Nan aikin ya fi sauƙi, amfaninsa kuma ya fi fitowa. Mai babur yakan rage gudu da sakin totur ko sauke giya, alhali fitilar baya ba ta ce komai ba. Mai lori yana bayanka bai san ka sassauta ba. Maganin kyauta shi ne ka ɗan taɓa birki sau biyu ko uku, taɓin da zai kunna wuta bai kama taya ba, sannan ka taka na gaske. Haka ma in kana tsaye ka hango mota a madubi.

Na'urar ƙifta birki ita ke yi maka wannan. Mai kyau tana ƙiftawa sau uku zuwa biyar, sannan ta tsaya da ja sosai. Mai ƙiftawa babu tsayawa ba ta da kyau, na baya zai zaci sigina ce ko waya ta saki.

Wayoyinta uku ne: mai shiga, mai fita, da ta jikin ƙarfe. Fara cire kan batir mai alamar ragi. Buɗe bayan fitila ka nemo wayar birki. A babura masu bin tsarin Honda, har da na Sin da yawa, koriya ce mai ratsin rawaya, koriya zalla kuma ita ce ta jikin ƙarfe. Kada ka dogara da launi kaɗai, tun kafin ka cire batir ka taɓa ta da kwan gwaji: wadda ke kawo wuta sai an taka birki, ita ce. Yanke ta, ɓangaren da ya taho daga gaba ya shiga "mai shiga", na wajen fitila ya shiga "mai fita". In ka juya su ba za ta yi aiki ba, wata ma takan ƙone. A liƙe mahaɗin da dalma a rufe da kyau. Murɗe waya da salatif kawai, zafin watan Mayu da girgizar hanya za su kwance shi.

Kwan baya na yau da kullum mai zare biyu ne, wat 21 na birki, wat 5 na danja, wato jar wutar da ke kunne ko ba a taka birki ba. In aka tura shi a juye, danja za ta yi ƙarfi, birki ya dushe. Zare yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya haska sosai, wato sama da mita 3 ga mai gudun kilomita 60 a awa. Kwan LED nan take yake kamawa, shi ya sa ƙiftawarsa ta fi fita. Idan birkin ƙafa ba ya kunna wuta da wuri, akwai ɗan makunni mai sifirin kusa da feda. Juya notinsa, ba jikinsa ba, har wuta ta riƙa kamawa dab da birki zai ciji. Wutar baya da ke dushewa duk sanda ka sa sigina kuma, tsatsa ce a wayar jikin ƙarfe. Kankare wurin ka ɗaure.

Ranar habub, wato guguwar ƙura, kashe mai ƙiftawar gaba ka koma ƙaramar wuta, domin babba ƙura ce za ta dawo maka da ita a ido. In hanya ta rufe gaba ɗaya, sauka can nesa da kwalta ka kashe komai, kada na baya ya biyo jar wutarka yana zaton kan hanya kake.

Aikin gida: jingina bayan babur kusa da bango, ka matsa birkin hannu, ka taka na ƙafa, ka ga ko kowanne yana jefa ja. Goge gilashin da tsumma mai laima, sannan ka rubuta a littafinka wat nawa aka buga a jikin kwan.