Yadda Za Ka Tantance Firosesa ta Hannu Kafin Ka Biya Kuɗi a Legas

Wanda ya shiga Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba zai tarar da firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta hannu da araha, amma araha kaɗai ba hujjar saye ba ce, domin firosesar da ta lalace galibi ba ta gyaruwa.

Da farko ka tabbatar ta dace da madabod ɗinka (babban allon cikin kwamfuta da ake ɗora ta a kai), sannan ka duba ƙasanta cikin haske. Ta kamfanin AMD mai soket (mazaunin firosesa a madabod) AM4 tana da siraran allurai da kan lanƙwashe ko su karye, ta Intel kuwa shafaffiya ce, sai ka nemi tabon ƙuna ko ƙarzuwa.

Gwaji ya fi komai muhimmanci. Ka roƙi mai shago ya ɗora ta ya kunna a gabanka, ka buɗe manhajar CPU-Z, mai nuna bayanan firosesa, ka ga ko sunan da ta nuna ya yi daidai da rubutun murfin firosesar, domin wasu marasa tsoron Allah kan sauya murfi. Daga nan ka saki Prime95, manhajar da ke ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, na kimanin rabin awa kana lura da zafinta, idan kwamfutar ta daskare ko ta mutu, ka haƙura da ita. Ka ƙara taka-tsantsan da firosesocin Intel na ƙarni (generation) na 13 da na 14, waɗanda kamfanin ya amince a 2024 cewa wutar da ta wuce kima tana lalata wasunsu.

Idan mai shago ya ƙi gwaji, ko ya ƙi rubuta rasit mai ɗauke da kwanakin mayarwa, a ganina gara ka nemi wani shagon.