Yadda za ka gyara kukis a shafinka kafin ka jawo wa kanka magana

'Yan uwa masu saida kaya a intanet, daga Sabon Gari har Samaru, tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, hukumar NDPC ke kula da ita, to in ka saka Google Analytics ko Pixel na Facebook a shafinka, masu bin sawun baƙinka ta hanyar kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a waya ko kwamfutar mai ziyara), wallahi ta shafe ka.

Da farko buɗe shafin a Chrome na kwamfuta, danna F12, shiga Application sai Cookies. Za ka ga _ga na Google da _fbp na Facebook, rubuta su.

Na biyu, sa ɗan akwatin neman izini mai maɓalli biyu, "Na yarda" da "Ban yarda ba", girmansu ɗaya don Allah, ba wai ka cusa na biyun can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba. Kuma kar Pixel ɗin ya tashi sai an danna yarda, in ya riga ya kwashe bayanan mutum ai akwatin ado ne kawai.

Sannan rubuta bayani da Hausa mai sauƙi, me kake tarawa, wa kake ba, ya mutum zai janye izininsa.

Daga ƙarshe goge kukis, sake buɗewa, danna "Ban yarda ba", duba ko _fbp ya dawo, in ya dawo to akwatin bai yi aikinsa ba.